Koren Dankali da Ƙaramin Jiki

Darasi na farko da aikin harhaɗa magunguna ya koya mini shi ne, nauyin jiki ne ma'aunin kowane magani. Abin da zai warkar da magidanci yana iya kwantar da jariri. Wannan ƙa'ida nake tunawa duk lokacin da na ga dankalin Turawa zube a rana a kasuwar Illela, ɓawonsa ya soma yin kore.

Dankalin nan yakan yi doguwar tafiya, galibi daga Jos, kafin ya iso mana nan bakin iyaka. Haske da zafi da ƙujewa suna sa ya ƙara yawan wata guba da ake kira solanin, wadda ke taruwa a ɓawo da tsiro. Koren launin shi kansa ba guba ba ne, alama ce ta gargaɗi, haka ma ɗaci a baki. Masana sun ƙiyasta cewa miligiram 2 zuwa 5 a kowane kilo na nauyin jiki sun isa su jawo ciwo. Dahuwa kuma ba ta kashe gubar. A ƙarshen shekarun 1970, ɗalibai 78 suka kamu da rashin lafiya a wata makaranta a Landan bayan cin tsohon dankali, aka kwantar da 17 a asibiti.

To, ina ɓawon yake zuwa a gidajenmu? Uwargida ta fere, yara su kwashe su kai wa zomayensu, don a ganinmu zubar da shi almubazzaranci ne. Zomo bai wuce kilo 2 ko 3 ba, kuma Allah bai halicce shi da iya amai ba: abin da ya haɗiye ya zauna. Don haka ne likitocin dabbobi ke hana ba shi ɗanyen dankali, shi da ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kiwo don sha'awa a Turai. Na sha jin yaro na kukan mutuwar zomonsa, ana ɗora wa zafi laifi, ba a waiwayi kwanon ɓawo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan yaye mai rarrafe kusa da wannan kwano. Alamomin su ne amai, gudawa, murɗar ciki da ciwon kai, wani lokaci sai bayan sa'o'i. In sun bayyana, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita abin da ya ci.

A ajiye dankali a wuri mai duhu da sanyi. A ƙwaƙule tsiro, a yanke koren da zurfi. Wanda ya yi kore sosai ko yake ɗaci, a binne shi inda yaro ko dabba ba za su kai gare shi ba.