Mun Bi Sawun Shanu a Fadamar Hadeja

A watan Janairu, hunturu yana busawa, muka tashi daga Hadeja muka nufi wajen Nguru. Ba mu yi nisa ba sai muka iske garkunan shanu a bakin hanya, farare da jajaye, watau bunaji da rahaji. Mata suna biye da jakuna ɗauke da ƙore da tabarmi. Duka fadama suka nufa.

Wannan fadama kyautar koguna biyu ce, Kogin Hadeja da Kogin Jama'are. Da damina sukan cika su malale ƙasa, sa'an nan ragowar ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Sa'ad da ruwa ya janye, sai ɗanyar ciyawa ta fito, alhali jeji ya riga ya bushe.

Muka sauka a wata ruga, aka kawo mana kindirmo. Muka tambayi dattijon wurin dalilin wannan yawo nasu. Ya yi dariya, ya ce ai ba yawo ba ne, kowane wata da inda ya kamata saniya ta kasance. Da damina suna kan tudu nesa da gonaki, gama laka takan ɓata kofato, ga sauro da ƙudaje. Da kaka, in an gama girbi, sai su shiga gonaki, shanu su ci karan dawa da harawa, su bar wa manomi taki. Da rani kuwa sai fadama. Da bazara, in abinci ya yi wuya, 'ya'yan gawo suke taimakonsu.

A fadamar ma ba a barin shanu wuri ɗaya. Kafin su cinye ciyawa har ƙasa sai a gusa da su, domin ta sami hutu ta sake toho. Ya ce wanda ya daɗe a bakin tsayayyen ruwa, ciwon hanta zai sayo wa shanunsa.

Amma fa fadamar ta sāke. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliya ta ragu. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Masu noman rani kuma sun yawaita a bakin mashaya.

Da yamma ya kai mu ga burtalin da suka biyo. A wani wuri shanu goma za su iya jerawa, a wani wuri kuwa gonaki sun matse shi har sai ɗaya bayan ɗaya. Nan ne faɗa yakan tashi. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma makiyaya ba ta da amfani in babu hanyar zuwa.

Mai karatu, yawancinmu manoma ne, mun san zafin ɓarnar gona. Wanda shanunsa suka yi ɓarna, wajibi ne ya biya. Amma in gonarka tana bakin burtali, kada ka ci ko taki ɗaya nasa. Kunya biyu da za ka ƙara ba za su kai zaman lafiyar ƙauyenku daraja ba.

Da asuba muka ji kukan maruƙa. Kafin mu naɗe tabarmi, garken farko ya riga ya shiga fadama.