FIJON ALHAJINMU: MOTAR DA TA ƘI ZUWA GASHUA

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan FUGA da maƙwabtanmu na Kwalejin Umar Suleiman. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya dawo daga baya.

Da yawanku kun san tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan mai ruwan madara da nake shigowa da ita makaranta jefi-jefi. Wasu suna kiranta Hajiya Babba, wasu kuma don tsokana suna cewa "ga mai motar tsere nan". To masu tsokana, ba ku san kun faɗi gaskiya ba. Irin wannan motar ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, gasar da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar da ƙanwarta mai ƙofa biyu, mai injin V6. A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Turawa sun daina ƙera ta a 1983, amma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fito da ita har wajen 2006. Tamu 'yar Kaduna ce, ta 1981. Saboda haka a dinga girmama na gaba.

Motar kakana ce, Allah Ya jiƙansa. Ɗan kasuwar ƙaro da fata ne a Nguru, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar kaya zuwa Kano. A cikinta aka kai mahaifiyata ɗakin miji. Tun 2011 aka ajiye ta a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ita wajen ƙwai. Bayan rasuwarsa ta shiga cikin kayan gadon da ba a raba ba, don ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Sai a farkon 2022 'yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi, naira dubu ɗari da tamanin, za su sassare ta su auna a kilo. Kawu, wanda shi ne babba a gidan, ya ce a sayar a raba wa magada. Kuma gaskiyarsa, akwai haƙƙin mutane a ciki, har da marayu. Umma ba ta yi musu ba. Da daddare dai na ji tana ce wa ƙanwarta, "Ashe har da motar Baba za a kai wa masu guduma."

Ranar 14 ga Fabrairu ASUU ta tafi yajin aiki, kun dai tuna. Na dawo gida ba lakca ba aikin yi. Na samu Kawu na durƙusa na ce, "Kawu, a ba ni dama in gwada tayar da ita." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na ba ka zuwa Babbar Sallah. In ta je Gashua ta dawo da ƙafarta, ba ja ba turi, za a yi mata kuɗi ka biya magada a hankali. In ta kasa, masu guduma na nan." Jarina a lokacin shi ne kuɗin rajistar da na tara da ɗan abin da nake samu a shagon cajin waya. Wato dai in motar nan ta ci kuɗin ta ƙi tashi, na yi biyu babu.

Akwai wani tsohon makaniki a garinmu da duk masu Fijo suka sani a da, yanzu ya koma gyaran injin ban-ruwa da janareto saboda motocinsa sun ƙare a titi. Baba muke ce masa. Da muka turo motar garejinsa, ya ɗaga bonet ya yi shiru, ya shafa murfin injin kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Abin da ya fara gaya mini shi ne, "Ɗan boko, injin abu uku yake ci: mai, iska, wuta. In ya ƙi tashi, ɗaya aka hana shi. Kada ka sayi komai sai ka san wanne ne."

Tayar da injin bai ba mu wahalar da na zata ba. Muka cire fulogai, waɗanda a 504 suna can cikin rami a tsakiyar murfin injin, sai da doguwar sifana ta musamman. Muka ɗura kananzir da baƙin mai a kan fistin huɗun, muka bar su mako guda, sannan muka dinga juya injin da hannu kaɗan-kaɗan har ya saki. Aka sauke tanki aka wanke tsatsa. Kafiretar Solex Baba ya warware ta a kan faranti, ya busa kowace ƙofa da bakinsa. Ɓeraye sun cinye wayoyi, rewaya ya yi kwana biyu a kai. Aka sa sabon kontak, aka daidaita tazararsa a milimita 0.40, aka jera wayoyin fulogi 1-3-4-2. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi sai da matan maƙwabta suka fito da bokitai. Lagireto ya toshe, shi ma aka fasa aka wanke aka liƙe. Zuwa ƙarshen Maris ina zagaya Nguru da ita, daga tashar jirgi zuwa kasuwa, yara suna bin mu da gudu.

Daga nan ne fa aka shiga abin da ya sa nake wannan rubutun.

Tsakanin Nguru da Gashua kilomita sittin da wani abu ne, a ratsa ta Jajimaji. Cikin azumi muka yi gwajin farko, ni da yaron Baba da abokaina biyu. Muka yi karo-karo muka cika tanki dam, saboda lokacin ana fama da layin mai, ba mu son ya yanke mana a daji. Mota ta ɗauki hanya lafiya lau, wallahi kamar jirgin ruwa, ramukan da ke jijjiga ƙananan motocin yanzu ita ko a jikinta. Ba mu yi kilomita goma sha biyar ba sai ta fara shaƙewa, ta yi tari sau uku, ta mutu. Rana tsaka, watan Afrilu, ga ƙishirwar azumi. Wanda ya san zafin Yobe ta arewa ya san me nake nufi. Muka buɗe bonet, muka tattaɓa wayoyi, yaron Baba ya zura kara a tanki ya ga mai na nan cike, tunda agogon mai ba ya aiki. Bayan kamar minti ashirin aka murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Muka ƙara gaba, ta sake mutuwa. Muka juyo gida.

Abin haushin, a cikin gari ba ta taɓa yi. Sai ta yi awa guda tana silo a gareji ko tana yawo a unguwa, ko tari babu.

Kun san gareji, kowa injiniya ne. Mai shayin gefe ya ce kwayil ne, in ya ɗau zafi sai ya yanke wuta, in ya huce ya dawo. Maganarsa tana kan hanya, don haka kwayil mai lalacewa yake yi. Wani direban tasha ya rantse cewa man ne yake tafasa a cikin bututu saboda zafin rana, famfo ya koma jan tururi. Shi ma abu ne da ke faruwa da motoci masu kafireta. Wani ya ce kondensa. Wata tsohuwa a gidanmu kuwa cewa ta yi motar ba ta son barin garin mai ita ne, a yi sadaka. Sadakar dai an yi.

A gwaji na biyu na tafi da littafi da biro, na ce ko ba komai zan rubuta abin da ya faru kamar muna dakin gwaje-gwaje. Da ta mutu, nan take muka zare babbar wayar kwayil muka kusanta ta da jikin injin, aka murza. Wuta shuɗiya, tas-tas. Kwayil da kondensa sun fita daga zargi. Muka cire tukunyar iska, na leƙa cikin kafireta ana taka totur: ko ɗigon mai babu. To an gano wanda aka hana ta, mai ne. Muka jiƙa tsumma muka naɗe famfon mai da bututunsa, shiru, ba ta tashi ba. Sai da aka ɗan jima, aka duba mai, aka yi 'yan dube-dube, ta tashi. Na rubuta nisan da muka yi kafin kowace mutuwa: ta farko kusa, ta biyu ta fi nisa, ta uku ta fi ta biyu nisa sosai. Na kalli lambobin nan har na gaji, ban ga abin da ya haɗa su da zafi ba, don da zafi ne ai kamata ya yi tazarar ta dinga raguwa.

Shawarar gareji ta tsaya a kan famfon mai. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo wani, aka sa sabuwar matatar mai, aka busa bututun tun daga tanki har kafireta. Kuɗin rajista ya tafi rabi. Aka yi ƙaramar Sallah, Mayu ta wuce, aka fara hadari. Kawu in mun haɗu a masallaci ba ya cewa komai, sai dai ya tambaye ni, "Yaya mutuniyar?" Masu guduma kuwa sun dawo sau biyu.

A gwaji na uku Baba ya ce da shi za a je. Ya zauna a gaba, carbinsa a hannu, na miƙa masa littafina ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, "Sake faɗa mini, kullum kafin ta tashi me kuke yi?" Na lissafa: buɗe bonet, duba wuta, duba mai. Ya ce, "Da me kuke duba man?" Na ce da kara. Bai ƙara magana ba.

Kusan a daidai wajen da ta saba, ta mutu. Yaron ya zabura zai fita, Baba ya daka masa tsawa, "Kada wanda ya taɓa komai!" Muka zauna cikin mota minti talatin cur, injin ya huce. Ya ce in murza. Ta ƙi. Ya ce to mu fito. Ya kai ni bayan mota ya ce, "Ɗana, kawo kunnenka nan." Ya murɗe murfin tanki a hankali. Sai na ji "fuuuu", tanki yana zuƙar iska kamar wanda aka shaƙe aka saki, har ƙarfen ya yi ƙara yana komawa daidai. Ya ce, "Je ka tayar." Bugu biyu ta kama.

Ku tuna gwangwanin madara. In ka huda ƙofa ɗaya, madarar sai ta dinga fitowa da ƙyar, sai ka huda ta biyu iska ta shiga. Tankin mota haka yake. Duk litar da famfo ya zuƙa, dole iska ta shiga ta maye gurbinta ta wani siririn bututun numfashi. In ya toshe, matsin iskar cikin tanki sai ya yi ta raguwa har ya fi ƙarfin famfon, wanda ɗan tantani ne kawai da injin ke motsawa. Dokar Boyle ce da muka haddace a lebul wan don cin jarrabawa: in tanki ya cika, sararin iskar ɗan kaɗan ne, lita ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da matsin. In man ya ragu, sararin ya ƙaru, sai a daɗe kafin a kai wurin. Shi ya sa tazarar da na rubuta take ƙaruwa. Shi ya sa kuma ba ta taɓa yi a gari ba, domin duk dawowarmu zuƙe man muke yi mu mayar jarka saboda masu ɗauke-ɗauke, mu bar mata ɗan kaɗan. Kuma duk sanda yaron ya buɗe murfi zai zura kara, ya yi mata magani ba tare da kowa ya lura ba, ga hayaniyar manyan motoci a titi, wa zai ji wani "fuu"?

Da muka koma gareji Baba ya bi bututun numfashin da waya. Abin da ya fito busasshen laka ne da 'yan gawarwakin tsutsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, Allah kaɗai Ya san a wace shekara. Wankin tanki bai kai nan ba, busa bututun mai ma bai kai ba, don hanyarsu daban. Famfon da muka cire lafiyarsa ƙalau, yana nan a ɗakina. Na tambayi Baba yadda aka yi ya gane, ya ce littafina ne ya gaya masa, shi dai ya taɓa jin irin wannan numfashin a wata motar haya shekaru da yawa da suka wuce. Ni ina da lissafin, shi yana da kunnen. A ganina irin su Baba ya kamata a dinga gayyatowa makaranta ko sau ɗaya a samista, su tsaya gaban aji da kafireta a hannu, kafin su ƙare. A Nguru dai ban san wani da ya rage mai iya daidaita kontak da ido ba bayan shi.

Ranar wata Asabar a watan Yuni muka tafi da Kawu a gidan gaba, Umma da ƙanwarta a baya. Muka wuce Jajimaji, muka shiga Gashua, na zagaya da su ta ƙofar jami'a wadda ke rufe saboda yajin aiki, muka sayi kifi a bakin kogi, muka juyo. Ba ta yi tari ko ɗaya ba. Umma ba ta yi magana ba a hanya, hannunta dai yana kan kujerar tana shafawa. Da muka tsaya a ƙofar gida Kawu ya ce, "To, ta biya." Aka kira dattawa biyu suka yi mata kuɗi sama da na 'yan gwangwan, aka rubuta a takarda, aka sa hannu. Har yau ina biya duk wata, saura kaɗan.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, fitowarta ta zama sai da dalili, injin mai kusan lita biyu da kafireta ba abokin ɗalibi ba ne. Shi ya sa wani lokacin kuke ganina a kan ɗan acaɓa alhali ina da "motar tsere". Masu tambaya ko ta sayarwa ce, a'a. Masu son a kai su ɗaukar hoton kammala karatu, ku zuba mai, ba na karɓar komai.

Abin da nake nema yanzu: gilashin fitilar baya na hagu, da abin auna mai na cikin tanki, don har gobe da kara muke dubawa. 'Yan Kaduna da ke zuwa Panteka da 'yan Kano na kusa da Ƙofar Ruwa, in kun je hutu ku taya ni cigiya. In kuma akwai wata 504 da ke kwance a ƙofar gidanku ana shirin kai wa masu guduma, don Allah ku yi mini magana ta inbos kafin a sare ta.