Mirya, garin tukwane

Mirya tana gabas da Damagaram, kilomita 18, bisa hanyar Gure. Gari ne mai garake da itatuwa. Kasuwarta tana ci ran Lahadi. Wanda ya shiga kasuwar zai iske randuna da tuluna da kasake jere a ƙasa. Daga ƙauyuka masu nisa ake zuwa sayensu.

Maginan tukwane suna haƙo yumɓu, su jiƙa shi, su cuɗa shi da garin tsingaro ko ƙaiƙayi don kar ya tsage. In an gina tukunya sai a bar ta ta bushe, sannan a gasa ta da kara da itace. Zafin irin wannan wuta ba ya cika wuce digiri 900. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa.

A kantunan Damagaram akwai kwanonin tangaran, farare, masu santsi. Su ma da ƙasa ake yin su, amma da farin yumɓu, kuma a ƙasar Sin aka fara wannan aiki. Ana gasa su cikin rufaffen murhu, zafinsa ya kan kai digiri 1300. Nan ƙasar take narkewa ta haɗe kamar gilashi, ruwa ba ya ratsa ta.

Tukunyar Mirya ba ta sha wannan zafi ba, saboda haka jikinta yana da ƴan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi ko a watan Afrilu. Randar da take gumi ba ta lalace ba, aikinta take yi. Wanda ya shafa mata siminti ko fenti ya kashe sanyinta.

Amma ƙofofin nan suna riƙe dauɗa. Wajibi ne a riƙa wanke randa, a rufe bakinta, a ware mata moɗa mai tsabta, don kare yara daga zawo. Tangaran ya fi sauƙin wanki, sai dai yana da tsada.

Masu saye a Mirya suna ƙwanƙwasa tukunya da yatsa kafin su biya. In ta yi ƙara tas, ta gasu. In muryarta ta dushe, akwai tsaga, sai a ɗauki wata.