Mahautan Gaya da Ajingi: Gadon da Muke Ci, Muke Kuma Rainawa



Yaranmu masu buga wasannin waya da kwamfuta, irin waɗanda mutum ke zaɓar jarumi ya shiga duniyar almara mai sarakuna da dodanni, sun saba da wani tsari. Da wuya ka shiga gari a cikin wasan ba ka tarar da maƙeri da masauki da mai sayar da nama ko abinci ba. Wannan salon wasa ya samo tushe daga Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, kuma masu tsara shi sun gane cewa ganuwa da fada kaɗai ba sa mai da wuri gari, sai an ga masu sana'ar da ke ciyar da shi. Su zama suke yi su ƙirƙira. Mu kuwa namu na gaske ne, yana nan a bakin kasuwa.

Gaya gari ne da aka sani da sana'a tun asali. Tarihin da muka gada ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka je Dutsen Dala neman tama, har zama ya kankama a wurin da ya zama Kano. Muna alfahari da wannan, kuma ya dace. Sai dai wuƙar da maƙeri ya ƙera, a hannun mahauci take yin aiki kullum, shi kuwa ba mu cika ambatonsa da alheri ba.

Ku dubi yadda gidan fawa ke tafiya. Ana idar da sallar asuba an nufi kwata. Maigida ne ke sayo dabba, shi ke yanke farashi, shi ya san wa za a ba bashi. Manyan 'ya'ya ke kayarwa, su yi fiɗa, su sare ƙashi. Ƙanana na wanke tumbi da hanji, suna babbaka kai da ƙafa, wasu su ɗauki tire su shiga unguwanni. A cikin gida mata na daka ƙuli-ƙuli da yaji, suna soya kitse. Da yamma a hura tukuba, a jera tsire da balangu. Idan rani ya yi a yanyana nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a gasa ya zama kilishi. Fata kuma ta tafi wurin majema ko 'yan fata masu kaiwa masana'antun Challawa da Sharaɗa. Babu abin da ake zubarwa, babu kuma wanda ke zaman banza a gidan.

A cikin wannan aiki akwai ilimin da ba a rubuta shi a allo ba. Ran Juma'a a karar Wudil, mahauci zai zagaya sa, ya taɓa tozo, ya shafa haƙarƙari, ya duba haƙori, ya ƙiyasta naman da ke jikinsa ba tare da sikeli ba. In ya yi kuskure, jarinsa ne ya tafi. Zai buɗe ciki ya kalli hanta da huhu ya gane ko dabbar na da lafiya. Yaron da ya taso yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar rago, shekara da shekaru yake tsotsar wannan sani kafin a ba shi wuƙa.

Abin da ya fi ilimin girma shi ne suna. Fawa da bashi take tafiya. Sau da yawa mahauci kan karɓi dabba ta hannun dillali, sai ya sayar sannan ya biya, babu takarda, babu sa hannu. Wani masani, Abner Cohen, ya yi nazarin cinikin shanu na Hausawan Sabo a Ibadan, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna yadda dukiya mai yawa ke juyawa a kan bashi da yarda kawai. Haka abin yake a kararmu har gobe. Idan saurayi ya zo ya ce shi ɗan gidan wane ne, sunan mahaifinsa ne jinginarsa. In ya ci amana, ya rufe wa ƙannensa ƙofa. Shi ya sa gidan fawa ke tsawata wa ɗansa tun kafin kasuwa ta tsawata masa.

Mu ma masu saye a kan yarda muke. Wa ya tsaya ya ga yankan naman da ya ci jiya? Mun amince cewa an ambaci sunan Allah, an wasa wuƙa, ba mushe ba ne, ba kuma dabbar sata ba ce. Halaccin abin da ke shiga tukunyar malami da ta basarake yana wuyan mahauci. Wannan ne dalilin sarautar Sarkin Fawa: ya san abin da aka yanka, ya san mai shi, ya sasanta rikici, ya hukunta mai ha'inci. Ranar suna, ranar layya, ko lokacin watanda gab da sallah, duk gari ƙofar mahauta yake nufa. Daga cikinsu ne kuma kiɗan kalangu da hawan ƙaho da dambe suka yi ƙarfi, abubuwan da muke nuna wa duniya a matsayin al'adun Hausa.

To, me ya sa idan ɗan mahauci ya zo neman aure, wasu gidaje sai su fara kame-kame? Tsohon ciwo ne. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 cewa Hausawa na ajiye mahauta a sahun ƙasa wajen daraja. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma har yau ana jin ɓurɓushinsa. Wannan ba addini ba ne. Musulunci da tsoron Allah ya auna mutane, ya kuma yabi mai ci da guminsa. Zalunci ne ka yarda da mutum a kan halaccin abincinka, sannan ka ce jininsa bai isa ya haɗu da naka ba. Illar ta wuce ɓacin rai: yaro ya yi karatu sai ya riƙa ɓoye sana'ar gidansu, ilimin kakanni ya bi tsofaffi kabari.

Ga kuma matsin zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dakon dabbobi ya hau. Satar shanu a Zamfara da Katsina da sauran wurare ta takura kiwo. Magidancin da ke sayen kashi biyu ya koma ɗaya, ko ya koma awara. Babu tsayayyar wutar lantarki, don haka naman da ya kwantai asara ce.

Gaskiya ɗaya kuma dole a faɗa wa mahautanmu cikin ƙauna: tsafta na buƙatar gyara. Kwata babu wadataccen ruwa, nama a buɗe ƙuda na bi, wannan hatsari ne. Tarin fuka na shanu yana kama mutum, kuma a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a Suleja. Idon gwani na da amfani, amma bai maye gurbin likitan dabbobi ba.

Don haka ina roƙon ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su mai da hankali kan kwata: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, daɓen siminti, magudanar jini da ruwa, da ma'aikacin lafiyar dabbobi da zai duba kafin yanka da bayansa. Mahauta su haɗa kai su sayi firiza mai sola, ko da ta haɗin gwiwa ce. Masarautar Gaya, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, ta sa a zauna da dattawan fawa a rubuta tarihin gidajensu tun suna raye.

Ku kuma 'ya'yan mahauta da Allah ya ba karatu, jami'ar Aliko Dangote na nan Wudil kusa da gida, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na Dambatta. Ku karanta kiwon dabbobi da lafiyarsu, ku dawo ku ɗora a kan abin da iyayenku suka sani. Kilishin da aka yi da tsafta aka ƙunshe da kyau yana da kasuwa har Legas da Abuja.

Sauranmu kuwa, wanda mahauci ke bi bashi ya biya, domin shi ma ana binsa a kara. Wanda ɗan mahauci ya nemi 'yarsa, ya binciki addininsa da halinsa kamar yadda zai binciki kowa. Allah ya sa albarka a wannan sana'a, ya jiƙan magabatanta, ya ba mu ikon girmama masu ciyar da mu halal.