Daren da kibod ya kusa sa ni cin haƙƙin mutum biyu

1/ Jama'a ku matso. Yau zan ba ku labarin yadda kibod ya kusa sa ni cin amanar maƙwabciyarmu, ya kuma kusa sa ni ɓata sunan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Duk mai laftop 'yar Beljiyam ya adana wannan zaren, wata rana zai yi masa rana. 🧵

2/ Ni ɗalibi ne a BUK, aji uku. Gidanmu yana Ƙauyen Alu a Tarauni. Kuɗin ɗan sahu zuwa makaranta kullum ba wasa ba ne, shi ya sa nake yi wa mutane taifin: asamen, furojet, takardar neman aiki. Naira 200 kowane shafi. Da shi nake sayen data, da shi nake rage wa Baba nauyi.

3/ Wata maƙwabciyarmu, Anti muke ce mata, matar aure mai 'ya'ya huɗu, tana ajin ƙarshe a fannin Hausa. Ta kawo min furojet ɗinta rubutun hannu, shafi 70, a cikin leda. Ta ƙirgo 14,000 cif ta ba ni tun kafin in fara. Ta ce, "Ƙanina, ranar Litinin zan kai wa malamina. Don Allah kar ka ba ni kunya." Ranar Alhamis ke nan.

4/ Juma'a da safe na buɗe laftop a kan tabarma, kofin shayi a gefe. Autarmu ta shigo da gudu. Sauran kun san shi. 😭 Abin da na yi daidai guda ɗaya ne: na danne maɓallin kashewa har ta mutu, na zare caja, na kifa ta a kan tawul. In ruwa ya shiga, kar ka tsaya gwada ko tana aiki. Wuta da ruwa in sun haɗu a ciki, asarar ta wuce ta kibod.

5/ Asabar da safe na kunna. Alhamdulillahi ta tashi. Amma A, S, D da K sun mutu murus, sukari ya bushe a ƙarƙashinsu. Ku gaya min, wace jimlar Hausa za ka rubuta babu A babu K?

6/ Akwai kibod na kan allo a Windows. Ka danna alamar Windows da Ctrl da O a tare, zai fito, kana taɓa haruffa da linzami. Da shi na tabbatar kwamfutar lafiyarta ƙalau, madannan ne kawai suka tafi. Amma shafi 70 da linzami? Sai dai Anti ta gama digiri a baɗi.

7/ Na hau ɗan sahu sai Farm Centre. Wani mai shago, dattijo-dattijo haka, ya ajiye min biyu. Mai waya 4,500. Marar waya, siriri, baƙi wuluk, 13,000. Ya ce, "Ɗalibi, in aikin gaggawa ne ɗauki mai wayar nan, ba ruwanka da batir." Ni kuwa hotona kawai nake hangowa a laburare da kibod marar waya. Na zaro kuɗin Anti na biya. Gayu mugun ciwo.

8/ Bari in tsaya nan in yi bayani, don mutane suna rikita su. Marar waya iri biyu ne. Akwai mai ɗan dongul, wato ɗan ƙaramin abin nan kamar kan filas da ake sokawa a ramin USB, suna magana da kibod a kan zangon rediyo na 2.4 GHz. Shi ba ya buƙatar saiti, ka soka kawai. Sau da yawa dongul ɗin yana ɓoye a gidan batir, duba can kafin ka ce ba a saka maka ba.

9/ Na biyu shi ne mai Bluetooth. Shi sai ka danne maɓallin haɗawa har fitilarsa ta fara ƙiftawa, ka shiga Settings, Bluetooth, Add device. In lambobi suka fito a allo, a kan sabon kibod ɗin za ka buga su, sannan ka danna Enter. Ba za ka ga suna fitowa ko'ina ba, kar ka tsorata. Nawa mai dongul ne.

10/ Na dawo gida na soka, na buga kalmar sirrina. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sau huɗu. Zufa ta keto min. Ashe kalmar tana da @, kwamfutata kuma an saita ta a tsarin Ingila, shi kuwa sabon kibod zanen Amurka ne. A na Amurka @ yana kan lamba 2. A na Ingila abin da ke kan 2 shi ne alamar zance ("), @ yana can kusa da Enter.

11/ Abin lura: zanen da ke jikin maɓalli fenti ne kawai. Windows ce ke yanke harafin da zai fito. Danna alamar Windows da Space, za ka ga jerin tsare-tsaren da aka saka mata, ka zaɓi wanda ya dace. Masu laftop ɗin da ta fito daga Faransa ko Beljiyam, da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, sun san wannan ciwon: nasu AZERTY ne, A tana inda muka saba ganin Q.

12/ To, na shiga, na fara aiki. Shafi na farko lafiya. Na soka filas ɗina don in riƙa ajiye kwafi, tunda na ga abin da shayi ya yi min. Daga nan fa aka fara. In buga "makaranta" sai in ga "mkrnta". Wani lokaci ya yi tsit, can sai ya zubo "aaaaaa" kamar mai kuka. Na canza batir, na sayo sabo a kantin bakin layi. Bai canza zani ba.

13/ La'asar ta yi, shafi 6 kacal na gama. Kuɗin Anti na cinye, saura 1,000 da 'yan canji. Raina ya ɓaci. Na ɗauki waya na rubuta dogon rubutu a kan mai shagon nan, har da hoton shagonsa da na ɗauka a rasit. "'Yan damfara, masu sayar wa talaka jabu." Yatsana yana kan maɓallin turawa Umma ta leƙo ta ce in kai wa Kawu saƙo Gyaɗi-Gyaɗi. Na ajiye shi a daraf, na ce in na dawo.

14/ Kawuna tsohon mai buga tafireta ne. Shekaru ya yi yana buga wa mutane takardun rantsuwa da na cinikin fili a wajajen Court Road, kafin kwamfuta ta kore su. Ya ga fuskata ya ce, "Kai kuma lafiya?" Na zazzage masa komai, har na fito da kibod ɗin daga jaka ina nuna masa "jabun".

15/ Ya ce, "Ka gwada shi a wata na'urar?" Na ce a'a. Ya ce, "To da wace hujja ka yanke wa mutum hukunci? Mu a da in harafi ya ƙi fita, ribin muke fara canzawa. In bai yi ba mu canza takarda. Ɗaya bayan ɗaya. In ka canza uku a lokaci guda, ko ta gyaru ba ka san mai laifin ba." Ya ƙwala wa ɗansa kira ya kawo laftop ɗinsa.

16/ Muka soka dongul. Wallahi kibod ɗin nan ya riƙa gudu kamar ruwa. Ko harafi ɗaya bai tsallake ba. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai ya yi ta saman tabarau. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

17/ Muka koma kan tawa. Babu filas: lafiya lau. Na soka filas a ramin da ke maƙale da dongul, na fara kwafar fayil: tsallake ya dawo. Na zare: ya daina. Ramin nan mai shuɗin harshe ne, wato USB 3.0. Daga baya na karanta cewa tun 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniyar rediyo a daidai zangon 2.4 GHz, sai ta toshe wa dongul kunne.

18/ Maganin fa? Na mayar da dongul ɗaya gefen laftop ɗin, nesa da filas. Shi ke nan. Ko sisi ban kashe ba. Abin da ya cinye min wuni guda, ya kusa sa ni zagin uban wani a gaban dubban mutane, tazarar ɗan yatsa ce tsakanin rami biyu.

19/ Da zan tafi Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kibod mai waya, fari ya koma ruwan ƙasa. Ya ce, "Riƙe wannan ma. Mai tafiya ba ya raina guzuri." Na karɓa don kunya kawai, a raina ina cewa me zan yi da wannan kayan tarihin.

20/ Saura matsala ɗaya: ƙ, ɗ, ɓ. Furojet ɗin Hausa ne, malami ba zai karɓi "baki" a inda ake nufin "baƙi" ba, ko "dari" a maimakon "ɗari". A Word, rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai koma ƙ. U+0257 shi ne ɗ, U+0253 shi ne ɓ. Manyansu: U+0198, U+018A, U+0181. In ka gaji, shiga Insert, Symbol, ka ba kowanne gajeriyar hanya tasa sau ɗaya ka huta.

21/ Daren Lahadi ina shafi na 58 aka ɗauke wuta. Batirin laftop ɗina kuwa minti 40 ne ƙarfinsa. Na yi maza na tura fayil ɗin wayata. Na ɗauko tsohon kibod ɗin Kawu, na haɗa shi da wayar ta ɗan OTG ɗin da nake saka filas da shi. Ya kama nan take. Na jingina waya da gwangwanin madara, fitilar Umma a gefe, ina ƙwas-ƙwas-ƙwas har aka yi kiran assalatu. Haruffa masu lanƙwasa na riƙa kwafowa daga shafukan baya.

22/ Me ya sa ban sa marar wayar ba? Na gwada. Batirin bakin layin nan ya riga ya sheƙa, ƙarfe biyun dare kuma wa zai buɗe maka kanti? Kayan tarihin da na raina shi ya fitar da ni.

23/ Ga jerin da nake bi yanzu, daga na banza zuwa mai cin kuɗi:
• Mai waya: danna Caps Lock, in fitila ta kama yana samun wuta. In ba ta kama ba, canza rami.
• Marar waya: ɗan makunnin da ke ƙasansa, sai batir, sai dongul nesa da shuɗin rami.
• Gwada shi a wata kwamfutar.
• Sake kunna taka.

24/ • Harafi yana fita daban: Windows da Space.
• J, K, L suna ba ka 1, 2, 3 a laftop: Num Lock ne a kunne.
• Sai ka danne da daɗewa kafin harafi ya fito: duba Filter Keys, yana kunnuwa in an danne Shift na dama daƙiƙa 8.
• Tsohuwar destop mai zagayen rami launin shunayya, wato PS/2: kashe ta kafin ka soka, sannan ka kunna.
Sai duk wannan ya gaza za ka nufi wajen mai gyara.

25/ Litinin ƙarfe takwas na miƙa wa Anti aikinta. Ta juya shafuka tana murmushi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanina." Ba ta san daren da na kwana ba, ni ma ban faɗa ba. Ribar aikin dai ta tafi a gayu.

26/ Da yamma na biya Farm Centre. Na ce wa mai shagon, "Baba, ka yafe ni." Ya ce, "Me ka yi min?" Na nuna masa daraf ɗin. Ya karanta har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ka tura, 'ya'yana ma a nan za su gani." A gabansa na goge shi.

27/ Har yau in na tuna saƙon Umma ne kawai ya shiga tsakanina da wannan rubutun, gabana faɗuwa yake. Kibod biyun suna nan: marar waya na zuwa makaranta, na Kawu yana gida yana jiran ranar da za a ɗauke wuta. Wanda nasa yake ba shi ciwon kai ya faɗi abin da yake yi a ƙasa, mu duba tare, ɗaya bayan ɗaya.