Masaukin kyauta

A ƙarni na 19, idan ayarin Agadas ya sauka a Zangon Damagaram, fatoma ke bai wa baƙo ɗaki da fura, ba ya karɓar ko wuri. Kowa ya san inda ribarsa take: la'ada, ranar da kaya suka shiga. Baƙon ma ciniki ya kawo shi.

Kamfanonin gidajen hutu na Turai da Amurka kamar sun ari rabin al'adar nan. Sukan sauki mutum a otal kyauta, da sharaɗin ya zauna ya saurari dillali, wai na minti 90. Hajar ita ce mako guda kowace shekara a wani gida na bakin teku, da kuɗin kula da gidan, ko an je ko ba a je ba. Sake sayar da makon kuwa sai an sha wuya. A 2009 Tarayyar Turai ta ƙara wa mai saye wa'adin janyewa zuwa kwana 14.

Mai iya cewa a'a sau goma ya ci hutunsa. Amma ɗan Damagaram, da aka rena da kunyar mai masauki, ya ci abincin mutum, ya kwana ɗakinsa, da wane baki zai ƙi sa hannu?