Ƙofa ta Biyu

Gidanmu a Makera yake, ƙetaren Kogin Kaduna ta kudu. Idan damina ta nutsa mukan tsaya bisa gada mu ga ruwa ya cika ya batse, mu dawo gida mu tarar da famfo a bushe.

Baba ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da ruwan famfo ya daina zuwa layinmu, mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki mai cin lita 1,000 a kan ƙarfe mai tsayin mita 5. Muka ce mun rabu da wahalar ruwa. Ba mu lura cewa tankin ƙofa ɗaya gare shi ba: sai inji ya tura ruwa sama, inji kuwa sai da wuta.

Taransifomar unguwarmu ta ƙone a watan da Mama ta dawo daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Kwana biyu tanki ya ƙare. Ɗan garuwa yana kawo mana kura cike da jarkoki, amma jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, wa zai hau tsani da ita? Sai muka koma jigilar bokiti zuwa banɗakin Mama. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ta dai rage shan ruwa don kada ta tashe mu cikin dare. Ranar da muka gane haka, ba wanda ya iya cin tuwo.

Wani dattijo mai gyaran famfo a Kakuri muka kira. Ya dubi tankin, ya dubi Mama.

"Hajiya, da wane hannu kike alwala yanzu?"

"Da hagu, Malam."

Ya auna bango daidai gwiwarta ta hagu, ya yi alama da gawayi. A bayan banɗakin ya jera bulo hawa uku, ya kwantar da duro mai lita 200, wato jarka 8. Ya fasa masa baki mai faɗi a sama, ya sa mazurari da rariya da murfi, ya gina matakala ɗaya don mai zubawa. Daga gindin duron ya jawo bututu a gangare, ya ratsa bango zuwa alamar gawayin. Ya ce ruwa ba ya neman inji idan ƙasa za shi. Tazarar da ke tsakanin samansa da bakin famfo ita ce ƙarfinsa. Wannan ba zai ɗaga shawa ba, amma zai cika buta.

Gwajin farko ruwan ya yi ta gurnani, ya dawo ya jiƙe ƙaninmu sharkaf. Dattijon ya yi dariya, ya ce ya manta da numfashi. Iskar da ke cikin duro sai ta samu mafita kafin ruwa ya samu wurin zama. Ya huda wata 'yar kafa, ya kafa siririn bututu da ya ɗara bakin zubawa tsayi, ya ɗaure kansa da gidan sauro. Jarka ta biyu ta shige shiru.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu namu yoyon ba a rufi yake ba, a lissafinmu yake: mun sayi babba mai tsada, muka manta da ranar da babu wuta.

An gyara taransifoma tuni, amma duron yana nan, kowace Juma'a muna wanke shi mu cika. Da asuba mukan ji ƙarar ruwa yana zuba a buta ta bayan bango. Ba ma tashi. Mun san Mama ce, da hannunta.